Abin da Rakiya Ta Goge

Jibiya, ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina zaune lafiya a masaukinki na Kano. Allah Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya makantar da mugun ido daga barin kallonki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda babu naki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin ledar garin kunu, alhali kwana muke gida ɗaya. To ya zan yi? Ke ce ta fari, ga shi kuma sunan uwar mijina gare ki. Kunya biyu ta haɗu mini a kanki. Tun kina goye ban taɓa zaunar da ke na kalli idonki na yi doguwar magana ba, ba kuwa yau zan fara ba. Alƙalami ba shi da kunya, shi ya sa na aiko shi. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun mai yankan atamfa ne.

Shekaranjiya ina tankaɗe a tsakar gida na ji kina ba babanku labarin aikin da kika samu. Kin ce kamfanin naku manhajar waya da shafin intanet yake yi wa wani asibitin mata, inda mace za ta nemi ganin likita ta kuma rubuta abin da ke damunta. Sai kika ce aikin farko da ogan naku ya ba ki shi ne ki zaɓo musu manhajar ƙididdiga, irin wadda ke gaya wa mai shafi yadda mutane ke shiga da fita. Babanku ya ce Allah Ya taimaka, ya ci gaba da jin rediyonsa. Ni kuwa rariya ce ta kuɓuce mini. Kin leƙo kin ce, “Lafiya?” na ce miki kaza ce. Ba kaza ba ce. Gabana ne ya faɗi, har yanzu kuma bai koma daidai ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin sha tambayata me ya sa Inna Rakiya ta Maraɗi ta ɗauke mana ƙafa, ina ce miki hanya ce ba kyau. Hanya ba ta taɓa hana Rakiya zuwa ba. Matar da ta tsallako boda da tsohon ciki ta zo sunanki, ɗauke da turmin zane a ka? Tun muna 'yan mata muka ƙulla ƙawance, ita tana biyo uwarta kasuwar Lahadi, ni ina tsaron rumfar tawa uwar. Bikina nata ne, nata nawa. Ni na kore ta, Uwani, kuma da irin abin da aka ce ki zaɓo na kore ta.

Kin tuna lokacin da aka rufe boda, kasuwa ta mutu murus, muka wuni a shago muna korar ƙuda. Ko da aka buɗe, ƙafa ba ta dawo kamar da ba. Ke kina makaranta lokacin, kika zo hutu kika zauna kika haɗa mini shafi da 'yar manhaja, mata su zaɓi atamfa ko leshi ko shadda daga ɗakinsu, direba ya kai musu. Allah Ya yi miki albarka, wannan abu shi ya riƙe shagon. Da za ki koma, kika ce ya kamata a sa masa ma'auni don in san abin da mutane ke so. Kika buɗe mini guda biyu a kwamfutarki.

Na farko, kin ce, ƙidaya kawai yake yi. Mutum nawa suka shigo, wane zane aka fi kallo, a wane shafi ake gajiya a fita. Bai san ko wace ce ba, bai kuma damu ya sani ba. Sai dai ana biyan ɗan wani abu duk wata. Na biyu kyauta ne, kuma yana naɗe duk motsin yatsan mai saye, ki zauna ki kalla daga baya kamar kina tsaye a bayanta. Kin ce mini na farkon ya ishe mu. Har kin ƙara da cewa ba ki san inda na biyun ke kai abin da ya gani ba.

Me na ce miki? Na ce, “Ke tafi can, yaushe aka haife ki? Ga na banza ga na kuɗi, kuma na banzan ya fi gani?” Kika sa mini shi, don ke ba mai musu ba ce. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ran nan dai ke kika hango daga ƙasa, ni ina bisa rimi ina hamma.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, ni 'yar kasuwa ce. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa. In baƙo ya zo shagona ya ce zai riƙa yi mini gadi kyauta, ba abinci ba ko sisi, ai sai na tambaye shi wa ya aiko shi. Amma da abin ya zo a cikin waya da launi mai kyau, ban tambayi komai ba. Don haka in kin zauna zaɓe, kada ki fara da farashi, kada kuma ki fara da wanda ya fi yawan abin kallo. Ki fara da tambayar ogan naku me yake son ya sani. In yana son ya san ko mata na samun wurin neman likita cikin sauƙi, ko a ina suke ɓacewa, to ki kawo abin da zai amsa wannan ya tsaya. Duk wanda aka ce kyauta ne, ki karanta takardunsa har ƙasa, ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa, ki gano me mai shi ke ci. Akwai abin da yake ci.

Da farko dai abin ya burge ni ƙwarai. Sai ya nuna mini taswira da ɗigo-ɗigo, ya ce ga inda masu sayena suke. Wai rabinsu a Legas. Legas fa. Ni da ban da kowa a Legas sai wani ƙanen babanku mai sayar da albasa. Nijar kuwa, wai 'yan ƙalilan ne. Maimakon in ce abin nan ya sha wani abu, sai na gyara zama na ce ashe na yi suna a kudu. Na rage saro irin zanen da matan Maraɗi ke so, na sa kika cire farashin sefa daga shafin, na ce yana cika wuri.

Rakiya ta zo ran Lahadi ta same ni. Ta ce, “Ƙawa, mi ya sa kika cire muna sefa? Matan unguwarmu duk da wayata suke zaɓe. Tsakar gidana cika yake, kowa na jiran a miƙo mata.”

Na juya mata fuskar waya na ce, “Ga shi nan, na'ura ta ce ba ku da yawa.”

Ta yi dariya ta ce, “To na'ura ta zo ta sha hura gidana ta ƙirga mu.”

Ban ji ba. Sai da kika dawo wani hutun kika yi mini bayani. Ashe abin ba mutane yake ƙirgawa ba, wayoyi yake ƙirgawa, gida guda mai mata goma a wurinsa mutum ɗaya ne. Ashe kuma ba ya ganin inda mutum yake tsaye, hanyar da sabis ya bi yake gani, shi ya sa matar da ke Daddara, nan kusa da mu, sai ta fito a Legas. Balle mu nan da waya ke kwana da sabis ɗin Najeriya ta tashi da rezon Nijar, kowa da layi biyu a aljihu. Wanda ya ƙera abin bai taɓa tsayawa a Magama, bakin boda, ya ga wayarsa ta rikice ba. Ga nauyi. Matan Mazanya sun yi ta ƙorafi manhajar na cinye musu data, tana daɗewa ba ta buɗe ba, ashe wannan kayan leƙen ne muka ɗora mata.

Ke kin san ko mudu aka kawo sabo, ba a fara awo da shi sai an gwada shi da tsohon da aka yarda da shi. To haka za ki yi. Kafin ki ce wa ogan naku ga wanda kika zaɓa, ki gwada shi da abin da kin riga kin san amsarsa. Ki sa shi a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi irin ta ƙanwar babanku, ba irin taku ta ofis ba. Ki je inda sabis ke ɗaukewa kamar Farfaru, ki shiga ki fita, ki dawo ki ga ko ya ƙirga ki daidai. In ya yi miki ƙarya a kan abin da kika sani, to a kan wanda ba ki sani ba sai abin da ya ga dama. Kuma in mutum mai rai ya zo ya ce miki lissafin nan ba haka yake ba, ki saurare shi tukuna.

Da a nan abin ya tsaya, da asarar ciniki ce kawai, ita kuwa ana mayarwa.

Wancan wurin da ake kallon yatsan mutane, shi ya zame mini jaraba. In la'asar ta yi kasuwa ta lafa, sai in jingina da dilar atamfa in buɗe. In ga wata ta shiga ta dudduba leshi mai tsada, ta sa a kwando, ta cire, ta koma ta ɗauki mai araha. In yi dariya ni kaɗai. Da yake sai mace ta sa lambar wayarta kafin ta yi oda, da yawa na gane su. Na san wadda ke haɗa lefe a ɓoye. Na san wadda mijinta ya samu, na san wadda nata ya karye. Har suna na sa wa abin, ina ce masa Magulmaci. Ban taɓa tsayawa na ce to mai sauraron magulmaci fa, mene ne sunanta ba. Wata rana har na miƙa wa maƙwabciyata mai sayar da kwanuka ta kalla, muka yi ta ƙyaƙyatawa. Wallahi in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wayar Rakiya kuwa na fi saninta da kowace, tunda ita ce mai shigowa kullum.

Wata Talata da yamma na buɗe na ga wayarta ta shigo tun da hantsi. Ba ta je wurin atamfa ba. Kai tsaye ta wuce wurin farin yadi, wanda ake saye don likkafani. Na ce Allah sarki, an yi rasuwa a unguwarsu. Ta tsaya a kansa, ta fita, ta dawo. Sai ta gangara wurin da ake rubuta wa mai shago saƙo. Ina kallo haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, irin rubutunta na mai neman harafi da yatsa guda.

“Ƙawa, likita ya ce abin da ke cikina ya riga ya yi nisa. Ki ajiye min na kirki. Kada ki hwaɗa ma kowa, Zuwaira ba ta”

Nan ta tsaya. Ta daɗe ba motsi. Sai na ga haruffan suna komawa baya, ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya koma fari. Ta rufe ta fita. Ba ta aiko ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwani, ban san sanda wayar ta faɗi kan cinyata ba. Wata mai saye tana ta sallama ban ji ba. Kaɗuwa biyu ce ta same ni lokaci guda. Ga ƙawata tana neman likkafaninta. Ga kuma abin da ban taɓa sani ba, ashe Magulmaci har abin da mutum ya rubuta ya goge yana riƙewa. Ni duk zatona kallon zane kawai yake gani.

Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne ya hana ni barci tun shekaranjiya. Matan da za su shiga manhajar asibitin nan, abin da za su rubuta ya fi na Rakiya nauyi. Wata za ta rubuta abin da ko mijinta bai sani ba, ta ji kunya ta goge, ta sake wata kalmar mai sauƙi. Ki tambayi duk abin da za ki zaɓa, shin yana ganin abin da ake rubutawa? In an ce ana iya rufe masa ido a wurin, kada ki yarda da faɗa. Ki rufe, ki rubuta wani abu da hannunki, ki goge, ki zagaya ta baya ki duba ko yana nan. In da hali ma, ki ɗauki wanda ba shi da idon sam. Kuma ki san mutum nawa ne a ofis ɗinku ke riƙe da mabuɗin shiga. Kada ki ce ai duk mutanen kirki ne. Ni ma mutuniyar kirki ce, ki tambayi kowa a kasuwar Jibiya.

Da na yi shiru da bakina, da ko Allah Ya rufa asiri. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Nawa dai ran nan bai riƙe komai ba. Ban yi tunani ba, ban yi alwala na nemi zaɓin Allah ba, ban ko jira babanku ya dawo ba. Na ɗauki waya na buga mata ina kuka.

Ba ita ta ɗauka ba. Zuwaira ce, ɗiyarta, ƙawar wasanki, wadda ta dawo gida goyon ciki na fari, watanta bai kama ba tukuna. Muryarsu iri ɗaya ce a waya, ni kuma ina cikin ruɗu. Na ce, “Ƙawa, wane irin ciwo ne ya yi nisa har kike neman likkafani ba ki gaya mini ba?”

Sai na ji ƙaramar murya ta ce, “Inna, ni ce. Wa ke neman likkahwani?”

Daga nan sai ƙarar faɗuwar wani abu, sai salatin mata.

Zuwaira ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Naƙuda ta taso mata ba lokacinta ba, aka kwashe ta sai asibiti. Allah cikin ikonSa Ya raba su lafiya, yaron ya zo ɗan mitsitsi, ya daɗe a hannun likitoci kafin a sallamo su, yanzu ana ce mini har yana rarrafe. Amma da an rasa ɗaya daga cikinsu fa? Wannan tambaya ita nake kwana da ita nake tashi da ita. Ashe abin da Rakiya ke jira ke nan, yarinyar ta sauka lafiya ta gama wanka, sannan ta zaunar da ita ta gaya mata da bakinta. Ta auna komai. Ni na zo na ture.

Bayan kwana biyu Rakiya ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ta ce, “Hajiya.” Ba ta ce ƙawa ba. “Wa ya hwaɗa miki? Daga ni sai likita sai Allah.”

Na so in yi ƙarya, in ce mafarki na yi. Bakina ya ƙi. Na gaya mata komai, da Magulmaci, da la'asar ɗin da nake zama ina kallo.

Can ta ce, “Ai na goge.”

Na ce, “Na sani.”

Ta ce, “Na goge fa, Hajiya. In na zo shagonki na buɗe baki na hwasa magana, ai ta koma cikina. Ashe cikin wanga abu naki mutum ba ya haɗiye maganarsa?” Sai ta ƙara da cewa, “Da matan da ke zaɓe da wayata, duk kina kallonsu?”

Ta ce Allah Ya kyauta, ta kashe.

Aka yi suna ba a aiko mini da goro ba. Na haɗa turmin atamfa da sabulai da kayan jariri na ba direba, ya dawo mini da su yadda na ɗaure, ya ce ta ce an gode. Na buga ba a ɗauka. Na shirya zan je, babanku ya ce in bari, wanda ya yi ɓarna ba shi ke yanka ranar sulhu ba. Matan unguwarsu duk suka daina saye, ban kuma ga laifinsu ba.

Kin tuna ranar da na kira ki kina bautar ƙasa, na ce ki cire mini abin nan yanzu-yanzu, kika ce me ya faru, na ce ke dai cire? To ran da Rakiya ta kira ni ne. Kika cire. Na ce to a goge duk abin da ya naɗa. Sai kika ce mini wannan ba a hannunmu yake ba, yana can wurin masu abin, a wata ƙasa, sai dai ki rubuta musu ki roƙa. Kin rubuta, suka amso da dogon Turanci, ke da kanki kin ce ba ki tabbata ba. Wato maganar da Rakiya ta haɗiye a ɗakinta a Maraɗi, mai yiwuwa tana nan ajiye a wani gari da ko sunansa ban iya faɗa ba, kuma ni na buɗe ƙofa aka ɗauka. Saboda haka tun kafin ki sa hannu ki tambaya, a ina ake ajiye abin da ya tara, har tsawon wane lokaci, kuma in kun ce a goge, wa zai tabbatar muku an goge? Abin da bai iya mantuwa ba, kada ki kai shi kusa da marar lafiya. Sannan ku gaya wa matan gaskiya da Hausar da za su gane, ga abin da muke ƙirgawa, ga wanda ba mu gani. In ogan naku ya ce shi mai nuna komai yake so, ki ba shi labarin nan. Na yafe miki, ki faɗi sunana ma in ya kama.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na iya ɗaukar alƙalami.

Lahadin da ta wuce, kina Katsina wurin karɓo takardunki, ina shago da hantsi ina jera kaya. Sai inuwa ta tare ƙofa. Na ɗago. Wallahi da ba don tsagen fuskarta ba da ban gane ta ba. Rakiya da ke cika ƙofar nan, yau mayafi ya yi mata yawa. Ta tsallako shingen duwan na boda da komai a motar haya, ita kaɗai.

Ta yi sallama, ta zauna a tabarmarta ta kullum, ta jingina da bango tana mai da numfashi. Na ba ta ruwa ta kurɓa. Muka gaisa kamar baƙi, ya gida, ya mai jego, ya ɗan yaro. Na lura ba waya a hannunta, ba kuma a jakarta, don da ta buɗe neman goro na ga ciki.

Ta dube ni ta ce, “Kin san abin da ya kawo ni.”

Na sani mana. Idona har ya kai kan dilar farin yadi ya dawo. Amma Allah Ya taimake ni ran nan, Ya riƙe mini harshe. Na ce, “Ban sani ba, sai kin faɗa.”

Ta daɗe tana kallona. Sai na ga gefen bakinta ya motsa, irin murmushin nan nata na tsokana. Ta ce, “Ashe kin yi hankali.” Ta gyara zama. “Ƙawa, ba ni da lahiya. Likita ya ce abin ya yi nisa. Ina so ki yanko min likkahwani, na kirki, da hannunki. Ga shi na hwaɗa miki.”

Na sauko da dilar. Almakashi ya kuɓuce mini ya faɗi. Ta ce, “Ke, kawo nan,” ta kama bakin yadin ta ja, yadda take kama mini tun muna 'yan mata, ni ina awo ita tana riƙe. Ina yanka hawaye na ɗiga a kai, tana ce mini in matsa kada in ɓata mata kaya. Na naɗe na sa a leda. Ta kwance bakin zane za ta biya, na ce in ta sake ta ciro ko dala sai mun ɓata na biyu.

Da za ta tashi na riƙe hannunta na ce ta yafe mini. Ta ce, “Na yahe tun ran da yaron ya kama nono. Da ban yahe ba, Maraɗi ba a rasa hwarin yadi ba.” Ta ɗauki ledarta ta rungume. “Amma wayata ba ta ƙara shiga shagonki. In ina da magana, ni zo da ƙahwata, in Allah Ya ara min kwana.”

Na raka ta har tasha. Ban sani ba ko zan sake ganin ta tsallako.

To kin ji, Uwani. Ni ban san sunayen abubuwan da za a jera miki a ofis ba, ke kika yi karatunsu. Abin da na sani shi ne a ƙarshen kowane ɗigo da za ki gani a allon nan akwai mace zaune a bakin gadonta da waya a hannu, tana rubutawa tana gogewa. Ki zaɓo wanda zai bar ta ta goge.

Garin kunun ki juye shi a roba mai murfi kada ya yi ƙwari. Kada ki yi wasa da sallah, kada ki hau mota in direba na gudu ki yi shiru don kunya. In kin samu sarari ki kira Zuwaira ki yi mata barka, ita ba ta riƙe ki da komai ba. Ki sa Innarki Rakiya a addu'a duk sujada.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki shiga lafiya ki fita lafiya. Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya sa asirin bayinSa ya rufu a hannunki. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mini da ke ina raye.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki.